Fuskar Mai Karɓa: Yadda Ake Nuna Talaka, Daga Zanen Cocin Turai Zuwa Wayoyinmu

 

  Shugaban taro, iyayenmu mata, ƙannena ɗalibai, da 'yan'uwa da suka taso takanas daga Shagari da ƙauyukanta suka same mu nan Boɗinga, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. 

Maganata a yau tambaya ce guda ɗaya: idan ana ba talaka, yaya ake nuna shi ga idon jama'a? Zan faro daga nesa, daga zane-zanen addini da aka yi a majami'un Katolika na Italiya da Sifaniya a shekarun 1600, salon da ake kira Barok. Na san wani zai ce a ransa, mu da ke zaune gab da Sifawa, me ya haɗa mu da zanen coci? A ɗan yi mini haƙuri. Ban zo kiran kowa ga zana surar mai rai ba, hukuncin wannan malamanmu sun san shi, kuma ina kansa. Dalilina shi ne mutanen nan sun shafe fiye da shekara 100 suna fama da wannan tambaya, mu kuwa sai yanzu ta iso mana, tun da kyamara ta shiga aljihun kowa.

Na ɗaya: abin da ya shigar da talaka cikin zane

A 1517 wani malamin coci Bajamushe, Martin Luta, ya ta da jayayyar da ta raba Kiristocin Yammacin Turai biyu. Cikin abin da aka yi saɓani a kai har da wannan: shin aikin alheri, irin su sadaka, yana da hannu wajen tsirar mutum a lahira, ko bangaskiya kaɗai ta isa? Mabiya Luta suka ce bangaskiya kaɗai. Wasu masu sabon ra'ayin ma suka fitar da hotuna daga coci baki ɗaya. Shugabannin Katolika suka zauna taro a garin Tirento, wanda aka buɗe a 1545 aka rufe a 1563, suka tsaya a kan cewa aiki yana da lada, suka kuma ce a ci gaba da rataye hotuna domin su koyar da wanda bai iya karatu ba. Daga nan zanen mai ba da sadaka ya zama hujjar da ake kafawa a bango. Manya-manyan zane ne, bayansu duhu, haske ya sauka a wuri ɗaya domin ya ja idonka inda mai zanen yake so. Masu biyan kuɗin aikin kuwa attajirai ne da ƙungiyoyinsu. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Na biyu: wani lungu a Napoli

A 1602 wasu samari bakwai 'ya'yan manya suka kafa ƙungiyar jinƙai a birnin Napoli, wadda ake kira Pio Monte. A 1606 wani mai zane mai suna Karabajo ya iso birnin a guje daga Roma, domin ya kashe mutum a wani faɗa. Ƙungiyar ta ba shi aikin zana ayyukan jinƙai bakwai a allo ɗaya mai tsayin kusan mita 4, ya gama a farkon 1607. Ayyukan su ne ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishi, tufatar da marar tufa, saukar da baƙo, duba marar lafiya, ziyartar wanda ke kurkuku, da binne mamaci. Allah gafarta malam, wanne ne baƙo a kunnen Musulmi cikin waɗannan? Babu ko ɗaya.

Abin da ya zana a sama na aƙidarsu ne, ba shi ya kawo mu ba. Ƙasan zanen nake so mu duba. Lungu ne da dare, mutane a cunkushe. Daga dama wata mace tana ciyar da tsohon mahaifinta ta tagar kurkuku, tana waige cikin tsoro. Bayanta ana ficewa da gawa, wani ya ɗaga wuta yana haskawa, amma ƙafafun mamacin kaɗai ake gani. Daga hagu mai masauki yana nuna wa matafiyi ƙofa, wani kuma yana kwankwaɗar ruwa. A tsakiya wani saurayi ya zare takobi yana raba mayafinsa biyu domin wani tsirara da ke zaune a ƙasa. Shi wannan tsiraran ya juya mana baya. Muna ganin ƙashin bayansa da tafin ƙafarsa, hasken duk a kansa yake, amma fuskarsa ba mu gan ta ba. Samarin nan bakwai da suka biya kuɗi kuwa, ba a jera su cikin zanen ana nuna su ba. Kowa a ciki ya shagala da aikin da ke gabansa. Mutum mai jini a hannu ne ya zana wannan, amma ya gane cewa ana iya nuna wa mai hali zafin talauci ƙiri-ƙiri ba tare da an miƙa masa fuskar talakan ba. Zanen yana hannun wannan ƙungiya har gobe.

Na uku: Ishbiliya

Birnin Sebiya na Sifaniya shi ne Ishbiliya da muke karantawa a littattafan Andalus, garin Alƙali Abubakar Ibnul Arabi mai Ahkamul Ƙur'an. A 1649 annoba ta faɗa masa ta kashe kusan rabin mutanensa. Marayu suka cika tituna. A garin akwai wata tsohuwar ƙungiyar sadaka wadda aikinta shi ne binne gawar da ba ta da mai ita: wanda kogi ya ci, da wanda hukuma ta kashe. Wani attajiri, Migel Manyara, matarsa ta rasu a 1661, duniya ta fita a ransa, ya shiga ƙungiyar, ya zama shugabanta a 1663. Ya gina masauki da asibitin marasa galihu, wanda har yau yake riƙe da tsofaffi matalauta. 'Yan ƙungiyar suna kiran talakawan da suke wa hidima iyayengijinsu. Shi kansa Manyara ya yi wasiyya a binne shi a bakin ƙofar majami'ar domin masu shiga su taka kabarinsa.

Yadda ya tsara zanen majami'ar shi ne abin lura. Da ka shiga, abin da zai fara tarar ka zane biyu ne na Baldes Leyal: a ɗaya ƙwarangwal yana kashe fitila, yana taka kayan sarauta da littattafai, a ɗayan kuma gawar babban limamin coci da ta wani barde suna ruɓewa cikin akwatunansu, sikeli yana rataye bisa kansu. Sai ka wuce wannan sannan ka iso zanen Muriyo na ayyukan jinƙai. Wato an fara tuna wa mai kuɗi kabari kafin a nuna masa talaka. Cikin zanen Muriyo akwai na wata gimbiya, Elizabet ta Hangare, da ta sunkuya tana wanke wa wani yaro mai ƙurajen kai kansa a cikin tasa. Gefenta wani yaro yana susa, wani mutum zaune a ƙasa yana kwance tsumman da ya ɗaure gyambonsa, wata tsohuwa ta ɗago kai tana kallonta. Hannun gimbiyar yana kan ƙurjin. Manufar zanen ke nan: ɗan ƙungiya ya gani, ya san cewa aiko da kuɗi bai sauke masa nauyi ba, sai ya taɓa da hannunsa.

Amma Muriyon nan yana da wani irin zane dabam. Ya yi ta zana yaran titi: wannan yana cin inabi da kankana, wancan yana caca, wani yana cire ƙwarƙwata a kango. Tufafinsu yagaggu, ƙafafunsu da ƙura, amma kumatunsu a cike, suna fara'a. Irin waɗannan ba majami'a aka kai su ba, fatake attajirai ne suka saye su suka fitar da su ƙasashen waje, shi ya sa da yawansu suke Munik a Jamus yau. An rataye su a ɗakunan da babu mai kwana da yunwa. Yaran da aka zana, me ya shiga cikinsu? A nan talauci ya zama kayan ado, ya zama abin kallo mai daɗi wanda ba ya neman kome a wurin mai kallo. Hannu ɗaya ya zana iri biyun, kuma ina ganin mu ma a tsakaninsu muke tsaye yau.

A 1810 sojojin Faransa suka mamaye Ishbiliya, kwamandansu Sult ya kwashe zanen Muriyo daga wannan majami'a. Huɗu daga ciki ba su dawo ba: suna Landan, da Washinton, da Ottawa, da San Fitasbag.

Na huɗu: mu da alƙalami muka zana

Daidai lokacin da ake kwasar waɗancan zane, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana zaune a Sifawa, nan kusa da inda muke, kuma ya zauna har 1815 kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi yana nan Boɗinga. Su ba su bar mana hoto ko ɗaya ba. Adonmu ya tafi ga zayyanar allo, da zanen bangon soro, da aska takwas a gaban riga. Amma sun nuna talaka, da tawada da waƙa, kuma yadda suka nuna shi ya bambanta.

Ku duba Kitabul Farƙi. A ciki an lissafa abubuwan da sarakunan zamanin suke ɗora wa jama'a da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, tawasa da ake yanka daga naman mahauta, kamuwa da ake yi wa dabbar mutum a ɗora mata kayan sarki. Wa aka tsayar a gaban haske a nan? Mai karɓa daga hannun talaka. Littafin bai tsaya kwatanta ramar talaka don a ji tausayinsa ba, ya tafi kai tsaye ga abin da ya ramar da shi. Wannan mataki ne da masu zanen Barok ba su cika takawa ba, domin wanda ya biya kuɗin zane ba zai so a zana inda dukiyarsa ta fito ba. Malam Abdullahi kuwa bai tsaya kan sarakunan da aka kayar ba. Da ya ga wasu cikin jama'arsu sun karkata ga dawaki da manyan riguna da tara abin duniya, ya bar rundunar jihadi da nufin tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, daga baya ya zuba damuwarsa cikin Tazyinul Waraƙat. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina nasiha a Usulus Siyasa cewa ya raya masu sana'a da manoma, ya kuma yi littafi guda a kan neman halal da gumin kai. Shi Shehu ma, sanannen labari ne cewa igiya yake tufkawa.

Sai Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Iyayenmu mata sun fi ni sanin 'Yan Taru. Jaji ta sa malfarta ta jagoranci mata daga ƙauye, su zo ɗaukar karatu, su taho da abin da ya sawwaƙa na hatsi ko zuma ko zane, a raba wa mabuƙata. Matan karkara ne, su ma ba masu hali ba ne, amma su ne masu bayarwa. Kuma da Nana ta tashi yin marsiyya ba ta tsaya ga sarakuna da malamai ba, ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace ce kamar kowa, ta yabi kirkinta da zumuncinta. Al'adar koyarwa da waƙa ba ta yanke ba. 'Yan'uwa na Shagari, ɗanku Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, tun yana malamin makaranta ya sa ƙasar nan cikin Waƙar Nijeriya don yara su haddace.

Tushen duk wannan yana cikin Alƙur'ani. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da zakka take nasu. Manomin da ya fitar da dami ɗaya cikin goma na geron damina, ko makiyayin da ya fitar da tunkiya ɗaya cikin 40, haƙƙin wani ya mayar masa. To wanda ya zo karɓar bashinsa, wa ke tsayar da shi a ɗauke shi hoto yana godiya?

Na biyar: abin da wayoyinmu ke zanawa

Na halarci wani rabon kayan azumi a wani gari da ba zan ambata ba. An jera buhunan shinkafa da gero, an kafa babban ƙyalle mai ɗauke da fuskar mai bayarwa, fuskar ta fi ƙofar ɗaki girma. Mata sun zauna a rana tun hantsi, bakinsu da azumi, domin ba za a fara ba sai manyan baƙi sun iso. Da aka fara, sai a kira mace, a ɗora mata ƙullin a hannu, mai bayarwa ya riƙe gefe ɗaya bai saki ba, sai an ɗauka. Wata dattijuwa ta ja hijabinta ta rufe har hanci. Wani matashi mai waya ya ce mata, "Baba, buɗe fuskarki mana, ba a ganinki." Ta buɗe. Idonta yana ƙasa har aka gama. Kafin la'asar hoton yana Facebook da WhatsApp, inda surukanta da jikokinta za su gani.

Ban ce mai bayarwar ba shi da niyya mai kyau ba, zuciya Allah ya san ta, kuma shinkafar ta shiga tukunya. Buƙata ma gaskiya ce. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 a Nijeriya suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma jiharmu ce a kan gaba da kusan kashi 91 cikin 100. A watan Afrilu na 2022 ne kwalekwale ya kife a Gidan Magana cikin ƙaramar hukumar Shagari, sama da mutum 20 suka rasu, galibi mata da yara, a hanyar neman itacen girki. Allah ya jiƙansu. Ba wanda zai ce a rage bayarwa a irin wannan ƙasa. Amma ku auna wancan hoto da na lungun Napoli: can an ɓoye fuskar mai karɓa, ba a nuna mai biya ba. Mu da muke da ayoyi a kan haka, me ya sa muka juya abin?

Za a ce mini hoto shaida ne, yana hana a karkatar da kaya, yana kuma zaburar da wasu. Akwai gaskiya a ciki. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ba ta hana bayyana sadaka ba, ta yaba shi, sannan ta fifita ɓoyewa. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da duk wanda ke riƙe da amanar jama'a, dole ne su nuna inda dukiya ta tafi. Sai dai shaidar amana lissafi ce: nawa aka tara, buhu nawa, gunduma nawa, wa ya sa hannu. Hoton mace ɗaya da ƙulli ɗaya ba ya tabbatar da inda sauran buhuna 99 suka shiga. Aya ta 264 kuma ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Hoton da ba ya gogewa, da za a iya tura wa ɗanta bayan shekara 10, ba cutarwa ba ne? Malamai za su fi ni iya yanke wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne aya ta 273, wadda ta yi maganar mabuƙatan da ba sa roƙo, waɗanda wanda bai sani ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kansu. Kowa a nan ya san irinsu a unguwarsu: tsohon malamin makaranta da fanshonsa ya maƙale, bazawarar da ke sayar da ƙuli-ƙuli tana riƙe da marayu, magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka amma rigarsa wankakkiya. Za su zo layin da ake ɗaukar hoto? Ba za su zo ba. Sun gwammace su kwana da ruwa. Ke nan kyamarar nan tana tace mana mutane, tana korar waɗanda Alƙur'ani ya ce mu nema. Iyayenmu sun san hanyar isa gare su. Bayan magariba ake aiken yaro da kwano a rufe, a ce masa ya kai gidan wane ya ce ana gaishe su, kuma kwanon kan dawo da ɗan abu a ciki, ko daddawa ce, domin kada a ce wani ya fi wani.

Na shida: roƙona

Roƙo ne kaɗan, kuma duk muna iyawa. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa na Boɗinga da Shagari, idan za ku nuna aikinku, ku ɗauki buhunan da masu sauke su, ku liƙa lissafi a ƙofar masallaci, sunayen masu karɓa su tsaya a littafin kwamiti. In hoton mutum ya zama dole, a nemi izininsa tun kafin kayan su zo hannunsa, kuma wanda ya ƙi a ba shi rabonsa cif. Yara almajirai da marasa lafiya a gadon asibiti, a bar su kwata-kwata. A ware wani kaso da limamai da masu unguwanni da iyayenmu mata za su kai gida-gida da dare, domin su suka san wanda ba zai fito ba. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku, kalma ɗaya daga bakinku a wurin rabo ta isa ta sa a mayar da wayoyi aljihu. Ku kuma ƙannena masu wayoyin, kuna da aikin da ya fi wannan: ku ɗauki rijiyar da ta ƙafe, da ajin da iska ta yaye wa rufi, da mashigin da babu gada, ku kai wa waɗanda alhakin ke wuyansu.

Nan zan dakata.  Wanda ke da tambaya, ko gyara, ko wanda yake aikin rabon nan da hannunsa kuma ya ga abin ta wata fuska, bismillah, fili nasa ne. Shugaba, in ka yarda, a fara da ɓangaren iyayenmu mata.